Kwaikwayon Aiki a Kwamfuta: Yadda Aka Raba Gardamar Masana'antar Jiragen Ruwa ta Ingalls

A bakin kogin Pascagoula, cikin jihar Misisifi ta ƙasar Amurka, akwai wata babbar masana'antar ƙera jiragen ruwa mai suna Ingalls. A shekarar 1969 rundunar sojan ruwa ta Amurka ta ba wannan masana'anta kwangilar ƙera manyan jirage 9 na ɗaukar soja da jirage masu saukar ungulu, waɗanda daga baya aka rage yawansu zuwa 5. Da shekara ta zagayo aka ƙara mata wata kwangilar, ta jiragen yaƙi 30 masu ƙira iri ɗaya. Duk wanda ya ji wannan labari a lokacin cewa zai yi kakar kamfanin ta yanke saƙa. Amma kafin a kai tsakiyar shekarun 1970 murna ta koma ciki, domin lissafi ya nuna cewa aikin zai ci fiye da dala miliyan 500 a kan abin da aka yi yarjejeniya. Ga shi kuwa an riga an ƙayyade farashi tun farko, wato galibin abin da ya ƙaru daga aljihun kamfani zai fita.

Daga nan gardama ta kaure. Kamfanin ya ce sojan ruwa ne suka jawo asarar, saboda sun yi ta sauya tsarin jiragen bayan an soma aiki. Su kuma sojan ruwa ba su musa cewa sun yi sauye-sauye ba, har sun yarda su biya kuɗin kowane sauyi, wato ladan injiniyan da ya sake zane da na mai waldar da ya sake haɗi. Sai dai wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da yawan asarar. Ragowar, in ji su, sakaci ne da rashin iya tafiyar da aiki. An daɗe ana wannan ja-in-ja ba tare da wani ya iya kafa hujja ba, domin kuwa tambayar da ke ƙarƙashin maganar duka ita ce: da ba a yi waɗancan sauye-sauye ba, nawa aikin zai ci? Wannan tambaya ce a kan abin da bai faru ba. Ba a mayar da hannun agogo baya a sake ƙera jirage 35 don kawai a ga bambanci.

Yadda ake ƙera babban jirgi

Kafin a fahimci yadda aka warware wannan ƙulli, ya kamata a san yadda aikin kansa yake. A zamanin da, akan shimfiɗa ƙashin bayan jirgi a bakin ruwa, a kakkafa masa haƙarƙari, sannan a lulluɓe shi da falankan ƙarfe ana buga ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, kamar dai yadda magini ke ɗora gini daga tushe. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya wannan al'ada. Tsakanin 1941 da 1945 Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya 2,710 na wani samfuri da ake kira Liberty, kuma an samu wannan yawa ne saboda an bar buga ƙusa an koma walda, an kuma riƙa haɗa manyan gaɓoɓin jirgi a wurare dabam-dabam kafin a kawo su a harhaɗa. Jirgin farko ya ci kwana 244. Daga baya matsakaicin lokaci ya sauko zuwa wajen kwana 42, har ma a watan Nuwamba na 1942 aka harhaɗa ɗaya cikin ƙasa da kwana 5 a masana'antar Henry Kaiser ta Kaliforniya, ko da yake wannan an yi shi ne don nuna bajinta. Bayan yaƙi Japanawa suka ɗauki wannan dabara suka inganta ta, har suka ƙwace kambun ƙera jiragen ruwa daga hannun Birtaniya a shekarar 1956.

Wannan tsari na gaɓa-gaɓa shi ake bi har yanzu. Ana kawo falankan ƙarfe a yanka su bisa zane, a lanƙwasa masu bukatar lanƙwasa, a yi musu walda su zama bango da daɓe, a haɗa waɗannan su zama gaɓa guda wadda girmanta kan kai na gidan bene. Tun tana ƙasa ake sa mata bututu da wayoyi, a yi mata fenti. Sau da yawa a kife ake aikinta, domin mai walda ya fi samun sauƙi da inganci idan yana duban ƙasa, ba sama ba. Idan gaɓa ta kammala, sai wani ƙaton injin ɗaga kaya ya ɗauke ta ya kai ta inda ake harhaɗa jirgin. A manyan masana'antu da yawa wannan wuri wani dogon kwarmi ne na kankare mai ƙofa ta fuskar teku, wanda ake buɗe wa ruwa idan an gama don jirgin ya taso.

Abin lura a nan shi ne kowane mataki yana jiran wanda ya gabace shi. Mai yanka yana jiran mai zane, mai walda yana jiran mai yanka, mai fenti yana jiran mai walda, su duka kuma suna jiran injin ɗaga kaya. Kwarmin harhaɗawa shi ne mafi tsada a duk masana'antar, kuma muddin jirgi yana cikinsa, na bayansa sai haƙuri.

Gwaji da ɗan ludo

Kwaikwayo, a ma'anar da masana kimiyya ke nufi, shi ne a gina wani abu da ke tafiya bisa ƙa'idojin da abu na gaskiya ke bi, sannan a yi gwaji a kansa maimakon a kan na gaskiyar. Ba lallai sai da kwamfuta ba. Malami zai iya nuna tushen abin a aji da 'ya'yan ludo biyu, wato ƙwayoyin nan masu fuska shida, da 'yan tsakuwoyi a madadin falankan ƙarfe.

A zaɓi ɗalibai biyu, ɗaya shi ne sashen yanka, ɗaya sashen walda. Kowace jifa kwana guda ce, kuma lambar da ta fito ita ce yawan falankan da sashen zai iya sarrafawa a ranar. Matsakaicin jifa 3.5 ne, saboda haka manajan da ya dubi alƙaluman sassan biyu zai yi wa mai saye alkawarin falanki 70 a kwana 20. Amma a sa sharaɗi guda: babu wurin ajiya tsakanin sassan. Idan mai yanka ya jefa 6 mai walda ya jefa 2, falanki 2 kawai za a gama, mai yanka ya dakata. Idan kuma aka samu akasin haka, mai walda ne zai zauna hannu rabbana. Kullum ƙaramar lamba ce ke yin hukunci. Ɗalibin da ya jera dukkan yanayi 36 da 'ya'yan ludo biyu za su iya faɗuwa zai ga cewa jimillar ƙananan lambobin 91 ce, wato matsakaici wajen 2.5 a rana. Ke nan a kwana 20 abin da za a samu bai wuce 50 ko 51 ba. Ba wanda ya yi lalaci, ba injin da ya lalace, amma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkawarin ya salwanta.

Daga nan sai a gwada magunguna. Idan aka ba da wurin ajiya, yawan aikin zai ƙaru ya doshi 3.5, amma za a ga tsakuwoyi suna taruwa a wasu ranaku, kuma a masana'anta ta gaske wannan tari fili ne da za a saya da ƙarfe da aka kashe wa kuɗi yana zaune yana tsatsa. Idan kuma aka ajiye ɗan ludo aka ɗauki kwabo, fuska ɗaya ta zama 3 ɗayar ta zama 4, matsakaicin kowane sashe yana nan a 3.5, amma abin da ake gamawa zai tashi zuwa 3.25 a rana, wato 65 a kwana 20, ba tare da an ƙara ma'aikaci ko fili ba. Rage hawa da saukar aiki kawai aka yi. Wanda ya yi wannan gwaji da hannunsa ya riga ya ɗanɗani irin shawarar da shugaban masana'anta ke yankewa: ya sayi fili ne, ko ya ƙara inji, ko kuwa ya gyara tsarin aiki?

Sassa biyu ana iya lissafa su a kan allo. Masana'anta mai ɗaruruwan sassa da dubban ma'aikata kuwa ta fi ƙarfin alli, a nan ne kwamfuta ta shigo. Ilimin jiran layi ya samo asali ne daga A. K. Erlang, wani masanin lissafi na kamfanin tarho a birnin Kwapanhagan, a shekarar 1909. Dabarar yin amfani da lambobin sa'a, irin jifar ɗan ludo, don warware lissafi mai wuya, Stanislaw Ulam da John von Neumann ne suka ɗora ta a kan kwamfuta a shekarun 1940. A 1961 Geoffrey Gordon na kamfanin IBM ya fitar da GPSS, wani harshen kwamfuta na musamman don kwaikwayon layuka da injuna, mai bin kowane abu ɗaya bayan ɗaya yana rubuta lokacin da ya iso da lokacin da ya tashi. A wannan shekarar kuma Jay Forrester na jami'ar MIT ya wallafa littafinsa a kan wata hanya dabam, wadda ba ta bin abubuwa ɗaiɗai. Ita tana kallon kamfani ne kamar jerin tankunan ruwa da bututu ya haɗa: aiki yana kwarara daga wannan tanki zuwa wancan, kuma cikar wani tanki tana iya buɗe ko rufe famfon wani. Wannan hanya ta biyu ita aka bi a rikicin Ingalls.

Tankin da ba a gani

A shekarar 1976 kamfanin ya ɗauki wasu masana na kamfanin ba da shawara na Pugh-Roberts, ƙarƙashin jagorancin Kenneth Cooper, su gina masa kwaikwayon aikin baki ɗaya, tun daga ofishin zane har zuwa miƙa jirgi. Babban abin da suka gano ya shafi yadda ake ƙidayar ci gaban aiki. Jadawalin da manajoji suka saba da shi tankuna biyu kawai ya sani, aikin da ya rage da aikin da aka gama. Cooper da abokan aikinsa suka ce akwai wasu biyu. Daga cikin abin da aka rubuta an gama, wani kaso yana da kuskure wanda ba wanda ya sani tukuna. Wannan kaso yana kwance a wani ɓoyayyen tanki na tsawon makonni ko watanni, sai ran da wani ya zo ɗora nasa aikin a kai sannan asiri ya tonu, a mayar da shi tankin gyara. Gyaran kansa kuma yana iya zuwa da nasa kuskuren.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka ofishin zane yana da zane 1,000 da zai yi. Idan 9 cikin kowane 10 suna fita daidai, za a sake 100, daga cikin ɗarin a sake 10, haka dai har jimillar aikin ta kai wajen 1,111. Idan ingancin ya sauko zuwa 7 cikin 10, jimillar ta zama wajen 1,429. Idan ya kai rabi, aikin ya ninka. Wannan ma ba shi ne mafi muni ba. Jinkirin gano kuskure ya fi ɓarna, domin zanen bututu da ya kwana wata shida da kuskure, kafin a farga an sayi kaya bisa shi, an yanka ƙarfe, an huda bango, an yi fenti a kai. Wannan ne ya sa manyan ayyuka kan kai kashi 90 cikin 100 a kan takarda, sannan su maƙale a nan wata da watanni, kowa yana gumi amma lamba ba ta motsi.

Da aka sa wannan a cikin kwaikwayon, sai aka ga hanyar da ƙaramin sauyi ke bi ya zama babbar asara. Idan mai kwangila ya ce a matsar da wata na'ura daga wannan ɗaki zuwa wancan, zane ɗaya ake gani an sauya, amma zanen wayoyi da na iska da na bututun da suka dogara a kansa duk sun tashi daga aiki. Ofishin zane ya makara, masu ƙira ba za su zauna ba, sai su ci gaba da abin da ke hannu ba bisa jerin da ya dace ba. Don a cimma jadawali sai a ƙara sa'o'in aiki, gajiya ta shigo, kuskure ya ƙaru. Sai a ɗebo sababbin ma'aikata, waɗanda ba su ƙware ba, kuma tsofaffin hannu su bar nasu aikin suna koya musu. Mutane su cika ɗaki ɗaya na cikin jirgi har wani yana hana wani motsi. Da yake kuma kwangiloli biyu suna cin ma'aikata da fili ɗaya, matsalar manyan jirage 5 ta tsallaka ta kama jiragen yaƙi 30. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai duk wani tsohon ma'aikacin masana'anta ya san shi. Abin da ba wanda ya iya yi da ka shi ne ya haɗa su duka ya faɗi nawa suka ci.

Masanan sun bi matakai biyu. Da farko suka sa kwamfuta ta maimaita tarihin aikin kamar yadda ya faru, da dukkan sauye-sauyen sojan ruwa a ciki, suka gwada sakamakon da bayanan kamfani na yawan ma'aikata da sa'o'in aiki da ranakun kammalawa, har suka gamsu cewa kwaikwayon yana bin sawun gaskiya. Sannan suka cire sauye-sauyen kaɗai, suka bar duk sauran abubuwa yadda suke, har da kurakuran shugabannin kamfanin, suka sake kunna shi. Bambancin da ke tsakanin tafiyar farko da ta biyu shi ne kason da ya hau kan sojan ruwa. Abin da ya rage na kamfani ne.

Sojan ruwa ba su karɓi wannan hannu biyu ba, kuma suna da hujja, tunda wanda ya biya kuɗin gina kwaikwayon shi ne mai neman diyya. Suka kawo nasu masanan suka bi shi dalla-dalla suna nuna inda suke ganin rauni. Amfanin wannan shi ne gardamar ta tashi daga zargi ta koma kan abubuwan da za a iya aunawa: sabon ma'aikaci wata nawa yake yi kafin ya ƙware, kuskuren zane mako nawa yake ɓuya. Idan aka yi saɓani a kan wata lamba sai a sauya ta a sake gwadawa a ga ko sakamakon zai juya. A watan Yuni na 1978 aka sasanta ba tare da hukuncin kotu ba, a kan dala miliyan 447. An ƙiyasta cewa tsakanin miliyan 170 da 350 na wannan kuɗi albarkacin kwaikwayon aka same su. Cooper ya wallafa bayanin aikin a shekarar 1980, kuma daga baya aka yi amfani da irin wannan tsari a ayyukan gina tashoshin wutar lantarki da ƙera jiragen sama da rubuta manhajar kwamfuta.

Daga duban baya zuwa duban gaba

Kayan aikin da aka gina don shari'a ya fi amfani ga wanda bai kai ga shari'a ba. Masana'antun yau suna tambayar kwaikwayo tun kafin su sa hannu a takarda. Idan aka karɓi wannan kwangila, za ta shiga tsakanin biyun da ke hannu ba tare da ta ture su ba? A raba jirgin gaɓoɓi manya kaɗan ne, ko ƙanana da yawa? Manya suna rage kwanakin zama a kwarmi, amma suna bukatar injin ɗaga kaya mai ƙarfi da fili mai faɗi. A sayi injin walda mai sarrafa kansa, ko kuwa zai ƙara tara kaya ne kawai a ƙofar ɗakin fenti, wanda shi ne ainihin maƙogwaron da ya shaƙe? Irin waɗannan tambayoyi hanyar Gordon ta bin kaya ɗaya bayan ɗaya ta fi dacewa da su, kuma akan maimaita gwaji sau ɗaruruwa, domin abin da ake nema ba rana ɗaya ta kammalawa ba ce, a'a, yiwuwar cika alkawari ce. Shugaba zai fi son a ce masa sau 8 cikin 10 an gama kafin ranar, ya san irin kasadar da yake ɗauka, tunda kwangilolin jirage suna ɗauke da tara a kan jinkiri.

Wahalar aikin ba a kwamfuta take ba, a wajen tattara bayanai take. Sai an san minti nawa mita ɗaya ta walda ke ci a tsaye da kuma a kwance, da yadda wannan ke hawa da sauka daga rana zuwa rana. Ma'aikaci kuwa ba ya son rubuta cewa aikin jiya ya sake, mai kula da shi ma haka, saboda haka tankin gyara shi ne wanda bayanansa suka fi ƙaranci. Idan aka ba kwamfuta lambobin son rai, za ta mayar da amsar son rai, sai dai ta fito a tsare da zane mai kyau wanda ke sa mutane su gaskata.

Akwai kuma iyaka ta biyu. Kwaikwayo yana ganin abin da ke cikin katangar masana'anta ne, kasuwar duniya kuwa a waje take. Masana'antar Flensburger ta arewacin Jamus ta yi suna wajen amfani da kwaikwayo a tsara ayyukanta, har ta gina nata kayan kwaikwayon na musamman ga maƙeran jirage, amma wannan bai hana ta durƙushewa a shekarar 2020 ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin jiragen kasuwanci da aka ƙera a shekarar 2023 daga ƙasashe uku suka fito, Sin da Koriya ta Kudu da Japan, kuma wajen rabi na Sin ne ita kaɗai. Tun kafin wannan, a birnin Malmo na ƙasar Suwidin, masana'antar Kockums ta kafa wani injin ɗaga kaya mai tsawon mita 138 a shekarar 1974, don ƙera manyan jiragen dakon mai. Ya zo daidai lokacin da tashin farashin mai na 1973 ya karya kasuwar irin waɗannan jirage. Kafin ƙarshen shekarun 1980 masana'antar ta daina ƙera jiragen kasuwanci, injin ya ci gaba da tsayuwa a kan birnin. A shekarar 2002 aka sayar da shi ga kamfanin Hyundai a kan dala ɗaya, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka ɗora a jirgin ruwa zuwa Ulsan ta Koriya ta Kudu, inda aka sake kafa shi ya koma ɗaga gaɓoɓin jirage.